Wanda Ya Tsaya Mini a Mararaba

Makullin da dillali ya ba ni a Mararaba bai buɗe ƙofar kowa ba. Na tsaya gaban ɗakin da ya nuna mini ta taga da safe, jakata tsakanin ƙafafuna, ina murɗawa ina sake murɗawa, har wata mata ta buɗe daga ciki da jariri a kafaɗa ta ce wa nake nema. Ɗakinta ne, kasuwa kawai ta tafi lokacin da aka kawo ni leƙe. Na kira wayar dillalin, a kashe. Ni da na karanci shari'a, har na taɓa tsayawa gaban ɗalibai a Yamai ina koya musu yadda ake gane yarjejeniyar bogi, ga ni a bakin ƙofar matar mutane da makullin banza a hannu.

Daga Damagaram na fito, kuma bincike ne ya kawo ni. Ina neman digiri na uku a fannin da shari'a da tattalin arziki suka haɗu, wato nazarin abin da doka ke yi wa kasuwa da abin da kasuwa ke yi wa doka. Tambayata ita ce: idan hukuma ta hana wata sana'a, amma mutane ba su daina buƙatarta ba, ta yaya sana'ar take ci gaba da rayuwa? Malamina ya ce in zo nan. An hana acaba, wanda mu a can muke kira kabu-kabu, a cikin birnin Abuja. Mararaba kuwa jihar Nasarawa ce, ba a hana ba, kuma kullum safiya jama'ar da ke kwana a nan sai sun tsallaka iyaka sun tafi aiki. Na ɗauka abin zai zo mini da sauƙi tunda Hausa ake yi. Ban san Hausar tawa ce za ta riƙa tona mini asiri ba.

A lokacin dangantakar ƙasashenmu biyu ta yi tsami. Tun a hanya, duk shingen da muka tsaya, da na buɗe baki sai a ce in sauko. Takarduna lafiya lau suke, amma hakan bai hana a sauke ni ba. Turancina kuma na littafi ne. Ina karantawa in gane sarai, amma da an daka mini tsawa da shi sai ya gudu ya bar ni. Saboda haka da tsorona na iso, tun kafin wani abu ya same ni.

Wadda ta tsince ni a ranar makullin ita ce Maman Ladi, wata Kirista 'yar Filato mai sayar da abinci a gindin gadar Mararaba. Na zauna a bencinta ne don ba ni da wurin zuwa, ba don ina jin yunwa ba. Ta dube ni, ta dubi jakar, ta dubi makullin da har yanzu ban jefar ba.

"Kai, ɗana," in ji ta da Hausarta ta Filato, "dillali ta cinye ka ko? Zauna ka ci abinci tukuna, bayan nan sai ka yi kuka."

Ta ba ni ɗan ɗakin da take ajiye doya da gawayi a bayan gidanta. Ita ce take buga mini ƙofa da asuba tana cewa, "Malam, an kira salla, kai kana barci." Ranar Lahadi kafin ta tafi coci sai ta rufe mini abinci a kwano. A wannan ɗakin na san kewar gida. A Damagaram idan gari ya yi shiru kana jin kukan jaki daga wata unguwa, nan kuwa janareto ne kawai da hon. Matata takan kira ta ce yaya Abuja, ni kuma in ce lafiya lau, ina kallon doya.

A bencin Maman Ladi na haɗu da Haruna. Ɗan acaba ne, siriri, mai ɗan gemu, sanye da rigar tasha mai lamba a baya. Ya ji na nemi ƙarin ruwa, sai ya ajiye cokali.

"Malam, kai ɗan ina ne?"

Irin tambayar da ake yi mini a shinge ce. Na ce, "Damagaram."

"Allahu Akbar! Ni Matameye, ai maƙwabta muke."

Na je ɗakina na ɗauko masa cuku, busasshen nonon nan da mahaifiyata ta sa mini a jaka. Ya daɗe yana shinshina shi kafin ya gutsira. Ya ce rabonsa da gida an yi shekaru, matarsa da 'ya'yansa suna can, abin da babur ya kawo shi yake aika musu. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya yi dariya har da buga cinya, wai wani ya taso daga wata ƙasa don ya karanci acaba. Sannan ya ce ba wanda zai yi mini magana a tasha sai Ciyaman ya yarda.

Tashar rumfa ce ta kwano a gefen titi, da bencuna da babura a jere. Ciyaman dattijo ne mai ɗingishi, tsohon ɗan acaba da mota ta taɓa karyawa. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, na zaro wasiƙar jami'a. Ko kallonta bai yi ba.

"Ajiye takardarka, Malam. Wa ya tsaya maka?"

Ban gane ba, sai aka yi mini fassara. A dokar tashar, baƙo ba ya shiga cikinsu sai wani ɗan tasha ya jinginar da rigarsa a kansa. Idan sharri ya biyo baƙon, rigar ta tafi. Wanda aka karɓe wa riga kuwa ba zai ƙara ɗaukar fasinja a yankin ba, ba ma zai tayar da baburinsa a nan ba, kuma ciyamomin tashoshi suna waya da juna, don haka da wuya wata tasha ta karɓe shi.

Ni na riga na fara mayar da wasiƙar cikin jaka sai Haruna ya miƙe, ya cire rigarsa, ya shimfiɗa ta a kan benci gaban Ciyaman.

"Haruna, ka san shi?"

"Ban san shi ba, Ciyaman. Na dai san garinsu."

Aka kwashe da dariya. Ciyaman bai yi ba. Ya ɗauki rigar ya miƙa masa, ya ce, "Saka. Amma daga yau aro ce."

Wannan kalmar ta zauna mini a ƙirji. Daga ranar na san cewa abincin wasu yara a Matameye, waɗanda ban taɓa gani ba, yana rataye da yadda zan yi tafiya, da wanda zan gaisa da shi, da abin da zai fito daga bakina.

Duk da haka, watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a aikina. Suka raɗa mini suna Ɗan Faransa, suna kwaikwayon maganata, ni kuma ina kwasar ilimi. Na ga yadda kuɗin tsallaka iyaka yake tashi duk ranar da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin kame, ya kuma sauka idan an ga motocin hukuma sun nufi wani gefen. Na ga suna da layi, suna da tara, suna da asusun taimakon wanda aka ƙwace wa babur, suna da kotu a ƙarƙashin rumfa wadda take yanke hukunci kafin shayi ya huce. Abin da na karanta a littattafai cikin Faransanci, ga shi a gabana yana tafiya da silifa. Haruna har ya kai ni babban sirrinsu. Wani kango ne a ɓangaren Abuja, ana bi ta wata 'yar hanya a bayan rafi a kai gare shi. A nan suke ɓoye babura da rana, su riƙa fitowa ɗaya-ɗaya suna kwasar ma'aikatan da cunkoso ya tsare.

"Wannan kada ka sa a littafi," in ji shi.

Na ce ko da wasa.

Ƙa'idar jami'armu ce duk wanda zan yi hira da shi sai na yi masa alkawari cewa abin da ya faɗa ba zai koma kunnen kowa da sunansa ba. A can takarda ce ake sa wa hannu. Nan ba wanda ya yarda ya sa hannu a komai, ba wanda ya yarda in ɗauki muryarsa. Abin da suke cewa shi ne, "Ce wallahi." Sai in ce wallahi, amana ce. Na faɗi haka ga kowannensu, har na daina jin nauyinsa a bakina.

Sai da na zo kan Sabi'u na sake jin nauyin. Matashi ne mai yawan surutu, wanda kowa ya sani da sa'a, domin an taɓa kama baburinsa ya dawo. Babur ɗin da aka kama yawanci katafila ake sa wa ta murƙushe shi, amma nasa ya dawo ko madubi bai fashe ba. Ya ce wa mutane wani kawunsa soja ne ya sa baki. Mun zauna bayan rumfar mai faci bayan la'asar, na yi masa tambayar da nake yi wa kowa, ko an taɓa kama shi, kuma yaya aka ƙare. Ya sa na rantse, ya sa na maimaita. Sannan surutun nan nasa ya ɗauke.

"Ba ni da wani kawu soja," in ji shi.

Wasu daga cikin masu kamen ne suka mayar masa da babur, bisa sharaɗin ya riƙa kai musu labari. Ya ce ya daɗe yana ba su 'yan abubuwan da ba su da amfani, amma yanzu sun gaji, suna son babba, in ba haka ba za su sake ɗauke baburin, su kuma sanar da tasha abin da yake yi.

"Kai lauya ne, Ɗan Faransa. Babu wata doka da za ta cire ni?"

Na ce masa ni ba lauya ba ne a ƙasar nan. Gaskiya na faɗa, amma ban taɓa jin karatuna ya zama banza kamar a wannan lokacin ba. Na roƙe shi kada ya ba su komai. Ya ce to, ya hau baburinsa ya tafi. Daga ranar duk inda muka haɗu sai ya fi kowa tsokanata, yana dariya, idanunsa kuwa ba sa dariya. Na fara jin tsoronsa, na kuma san shi ma tsorona yake ji.

Bincike irin nawa ba ya cika da ɓangare ɗaya. Dole ka ji ta bakin wanda aka hana, ka kuma ji ta bakin wanda ya hana. Saboda haka wasu ranaku nakan sa riga mai kyau in shiga cikin gari, inda tituna suke da faɗi ba kowa a kansu da ƙafa. Na sha zama a ofisoshi, na sha "dawo gobe", na sha kallon da ake yi wa fasfona. Ciyaman ya san ina zuwa, na gaya masa tun farko, ya ce in je, amma in san abin da zan faɗa.

A ƙarshe wani lauyan hukuma, Barista Ishaku, mutumin kudancin Kaduna mai furfura, ya karɓe ni. Mutumin kirki ne, ba zan ce ba haka ba. Ya ba ni shayi, ya yi mini bayanin dalilansu, haɗurra da fizgen jaka da asibitocin da suka cika da karyayyu. Ya yarda cewa dokar ta hana abu ba ta kawo madadinsa ba. Bai tambaye ni sunan kowa ba, ni ma ban ambaci kowa ba. Muna gamawa sai sama ta ɓalle da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Na ce zan jira ya tsagaita.

"No, no, Malam, ba za ka shiga ruwan nan ba. Kai baƙonmu ne. Direba! Kai shi har gida."

A gidanmu ba a mayar wa babba da alheri. Na yi godiya, na bi direban. Sai da muka fito harabar na ga motar. A-kori-kura ce fara mai tambarin hukuma a ƙofa, irin wadda ake loda baburan da aka kama a bayanta. Na tsaya cak cikin ruwa. Barista yana bakin ƙofa yana ɗaga mini hannu yana murmushi. Na shiga.

A hanya na roƙi direban ya sauke ni a Nyanya, kafin mu shiga Mararaba, in ƙarasa da kaina. Ya ce oga ya ce har gida, shi ba zai ja wa kansa faɗa ba. Na ce ina da saƙo a nan. Ya ce a cikin ruwan nan? Na zame a kujera, na rufe fuska da jaka, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Bai tsaya ba sai a gindin gadar Mararaba, inda duk 'yan tashar suka fake wa ruwa, a tsaye, ba abin da suke yi sai kallon titi. Na buɗe ƙofar gaba na sauko. Direban har ya danna mini hon na sallama.

Ba wanda ya ce Ɗan Faransa. Na hangi Haruna a cikinsu, ya sunkuyar da kai yana goge tankin baburinsa da ya riga ya goge.

Da yamma na je na yi wa Ciyaman bayani. Ya saurara, ya ce ya ji. Maman Ladi kuwa da ta ji labari sai ta ɗora hannu a ka.

"Yesu! Ɗana, ba ka san wurin nan ba. A nan mutum ɗaya ta ce infoma, shi ke nan, ba a tambaya."

Na daina barcin kirki. Duk babur ɗin da ya rage gudu a bayan gidan sai in miƙe zaune. Na yi tunanin in tattara in gudu, amma gudu yana nufin na amsa laifi, kuma rigar Haruna ce za ta biya.

Ba a rufe mako ba aka dira a kan kangon. Da hantsi ne, lokacin da babura suka fi yawa a ciki. Masu kamen ba su bi ta titi ba, ta hanyar bayan rafi suka zo, hanyar da sai ɗan gida ya sani. Suka kwashe duk abin da suka samu. Haruna ya tsira don ya fita da fasinja.

Ina cin abinci a bencin Maman Ladi 'yan tashar suka zo. Ban ma ji me suke cewa ba, na dai ji hannuwa a wuyan rigata, kwanon ya kife. Aka ja ni zuwa rumfa, wani yana dukan ƙeyata, takalmina ɗaya ya fita. Mutane suka cika wurin, har waɗanda ba 'yan tasha ba. Waɗanda aka kwashe wa babura suna gaba, wani babban mutum a cikinsu yana kuka wiwi kamar yaro. Sai na ga an mirgino tsohuwar taya daga wurin mai faci, wani kuma yana riƙe da gorar fetur. Ban taɓa sanin tsoro yana da ɗanɗano ba sai ranar. Bakina ya yi ɗaci, na tuna 'yata, na kasa tuna fuskarta.

Maman Ladi ta kutso da ludayi a hannu, ta zauna daram a ƙasa a gabana.

"Wanda za ta ƙona shi, ta fara da ni. A ɗakina yake kwana."

Ciyaman ya buga sandarsa a kan benci har aka yi shiru. Ya ce a tasharsa ba a hukunci sai an ji baki. Ya sa Haruna ya tsaya a gefena. Sannan ya dube ni.

"Kai ka kai su kango?"

"Wallahi ba ni ba ne."

"Ƙarya yake!" wani ya yi ihu daga kusa da tayar. "A motarsu muka gan shi! Infoma ne!"

Na san muryar kafin in juya. Sabi'u ne, jijiyoyin wuyansa sun tashi, gumi yana zuba masa. Idanunmu suka haɗu, na ga roƙo tsirara a cikinsu, bakinsa kuma bai daina ihu ba.

Ciyaman ba yaro ba ne. Ya ƙura mini ido, ya yi magana a hankali.

"Infoma ba ya zuwa a motar iyayen gidansa da rana tsaka. Wannan aikin wawa ne, ba na munafuki ba. Amma kai, Malam, ka zauna da kowa a tashar nan, kowa ya buɗe maka cikinsa. In ba kai ba ne, ka san ko wane ne. Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Da na ce ban sani ba, wataƙila da an wuce wurin. Amma na riga na ce wallahi a gabansu, kuma na yi jinkiri, jinkirin da kowa ya gani.

"Abin da aka faɗa mini a amana," na ce, "ba zan faɗa ba."

Rumfar ta ɗauki ihu. Ciyaman ya sake buga sanda.

"To saurara. Faɗi sunansa, ka ci gaba da aikinka, Haruna ya riƙe rigarsa. Ka ƙi, sharri ya biyo ka ke nan, tunda ka zaɓi ka rufa wa maƙiyinmu asiri. Ka san abin da doka ta ce."

Na dubi Haruna. Bai roƙe ni ba, hannunsa kawai ya kai kan rigar ya riƙe gefenta. Na dubi tayar. Suna ɗaya zan furta, ta tashi daga kaina ta koma kan wani, kuma Maman Ladi ba za ta zauna a gaban wancan ba. Ina so in ce jarumta ce ta rufe mini baki, amma ba ita ba ce. Tsoro ne iri biyu suka haɗu a kaina, na abin da za a yi mini, da na abin da zan gani da idona in na yi magana. Na biyun ya fi ƙarfi.

"Ba zan iya ba, Ciyaman."

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce ba za a zubar da jini a tasharsa ba, duk wanda ya taɓa ni shi ma ya ajiye riga. Ya ce kada rana ta faɗi ina Mararaba. Sannan ya miƙa hannu wajen Haruna ba tare da ya dube shi ba. Haruna ya cire rigar, ya ninke ta da kyau, ya ɗora masa a tafi.

Maman Ladi ce ta haɗa mini kaya, tana faɗa tana share hawaye, ta cusa mini dafaffiyar doya a leda. Da na fito sai na tarar da Haruna a ƙofa da baburinsa. Ya ce wanda ya tsaya wa baƙo shi yake fitar da shi, wannan ma doka ce. Ya ɗaure jakata a kujera. Na jira ya tayar, sai na tuna ba shi da wannan damar kuma. Ya kama ƙahon baburin ya fara turawa.

Haka muka ratsa Mararaba da ƙafa, shi yana tura babur, ni ina binsa da aron silifa. Abokan aikinsa suna wuce mu da fasinjoji, wasu su kau da kai, wasu su tofar da yawu. Wata mata ta tsayar da shi ta ce ya kai ta kasuwa, ya ce mashin ɗin ba lafiya. Duk lungun da muka wuce ina jiran wani ya fito da gora a hannu. Ban daina waiwaye ba sai da muka shiga tashar motocin Kano.

Ya kwance jakar ya ajiye mini. Ya tsaya yana haki.

"Wanda kake rufa wa asirin nan, ɗan tasharmu ne?"

Na yi shiru.

"Yana wurin ɗazu?"

Na yi shiru.

Ya gyaɗa kai. "Da ka faɗa, da yanzu ana neman wanda zai gane gawarsa. Na san wannan, ba sai ka gaya mini ba. Amma kada ka ce in yafe maka yau. Yau ba zan iya ba."

Na ce ban isa in nema ba. Na tambaye shi inda zai nufa. Ya ce bai sani ba, wataƙila ya sayar da mashin ya koma turin ruwa, wataƙila ya gwada can wajen Tungan Maje ko labari bai kai ba. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne me zai ce wa matarsa idan ta kira. Na zaro abin da ke aljihuna, ya ture hannuna, ya ce shi ba sayar da rigar ya yi ba.

Kwandasta yana ta kiran Kano, saura mutum ɗaya. Na ɗauki jaka. Har na juya sai ya kira ni da sunana na gaskiya, ba Ɗan Faransa ba.

"Littafin nan naka, za ka rubuta shi duk da haka?"

Na ce in Allah ya yarda.

"An ce kuna canja wa mutane suna a ciki."

Na ce haka ne, don kada a gane su a cutar da su.

"To nawa kada ka taɓa shi. Ni ba sauran abin da za a ƙwace mini. Rubuta Haruna, ɗan Matameye. In yarana sun yi karatu wata rana, su ga inda abincinsu ya tafi."

Ya juya baburin, ya kama ƙaho, ya ci gaba da turawa cikin jama'a har na daina ganinsa. Duk sunayen da ke cikin labarin nan na canja su. Nasa ne kaɗai na bari.